Katakon gefen sinki ya kumbura: faci ko sauyi?

Hajiya, kin ce katakon da ke kewaye da sinkin kicin ɗinki a unguwar Aboabo ta Kumasi ya kumbura, fomaikar da ke samansa ta ɗago, ƙasan kuma sai warin ruma. Kafinta ya ce a yi faci, ƙaninki ya ce a ɓalle duka a sa dutsen giranait, kina tambayar wanne za ki bi.

Kafin komai a gano ta inda ruwan ke shiga. Galibi bakin sinkin ne inda silikon, gam ɗin da ke toshe ruwa, ya tsufa ya saki, ko gindin famfo, ko lanƙwasar bututun ƙasa. Ki shimfiɗa busasshiyar jarida a ƙarƙashi, ki cika sinkin ki saki ruwan, ki ga inda ta jiƙe. Mu nan kuma muna da tamu matsalar: ranar da famfo ya ɗauke, galan ɗin Kufuor, wato jarkar roba ta ɗiban ruwa, ake ɗorawa a kan teburin ana tsiyaya, ruwa ya kwanta a gefe har dare.

Sai ki ɗauki sukundireba ki danna katakon ta ƙasa. Abin da kika ji shi zai raba gardamar kafinta da ƙaninki.

Idan ya yi tauri, baƙin tabo ne kawai da ɗan ɗagowa, to filawud ne ko katako na gaske, kuma faci ya isa. A kwance sinkin, a bar wurin ya bushe sarai da fanka na 'yan kwanaki, a goge da sanfefa, a cike ramukan da gam ɗin ifoksi, a manna fomaikar, a zagaye bakin sinkin da sabon silikon. A bar silikon ɗin awa 24 ba a taɓa ruwa ba, kuma a nan mutane ke ɓata aikin, don ba a haƙura da wanke-wanken yamma. Wannan shi ne mafi araha, yaron gida mai hannu ma zai iya.

Idan kuwa sukundirebar ta nutse, gari yana zubowa, to cibod ne ko MDF, wato garin katako da aka matse da gam. Wannan in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, ko da an shanya shi duk hunturu. Kamar burodin da ya faɗa shayi ne. Faci a kansa asarar kuɗi ce, damina ɗaya zai sake ɗagowa, ga gara da kyankyasai da ke son danshi. Sai dai a yanke ɓangaren, a wuce inda ya ruɓe kaɗan, a sa filawud mai jure ruwa, wanda masu katako ke kira marin, mai kaurin milimita 18. Falle ɗaya ƙafa 4 ne da 8, zai yi saura. Ki sa kafintan ya nemo a kasuwar katako ta Sokoban, inda aka mayar da masu katakon unguwar Anloga. Ki tsaya a kansa ya shafe gefen da aka yanka wa sinki rami da fenti ko ifoksi kafin ya ɗora, domin ta wannan tsiraicin ruwa ke shiga. Kafintoci da yawa suna tsallake shi tunda ba a gani.

Giranait ɗin ƙaninki ba ya ruɓewa, gaskiya ne. Amma yana da nauyi, kuma in ƙafafun kabad ɗin na katakon nan mai laushi da ake kira wawa ne, da suka riga suka jiƙa, ba za su ɗauka ba, sai an sake su ko an gina ƙafafun bulo. Kuɗin ya ninka ke nan. Dakalin siminti da tayil ya fi shi sauƙi, illarsa layukan tsakanin tayil suna baƙi da maiƙo.

Ni dai ra'ayina, in gidan haya ne kada ki binne kuɗin giranait ki bar wa mai gida. Ki yi na filawud, kuma ki yi magana da shi tun kafin a fara ko zai cire a kuɗin haya. In gidanki ne, kuma kina girkin sayarwa kamar waake ko koko, inda sinki ba ya hutawa, ki tara kuɗi ki gina ƙafafun bulo ki ɗora giranait. Kafin nan a toshe yoyon a makon nan.