Digirin digirgir a ilimin tonon kayan tarihi: Zariya ko Frankfurt?

Ɗalibin da zai yi digirin digirgir a ABU Zariya yana da abin da kuɗi ba ya saye: kufai a ƙofar gida. Dutsen Kufena yana nan kusa, tsohon garin Turunku ba nisa, ƙasar Nok, inda aka tono tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, tafiyar 'yan sa'o'i. Zai iya komawa wurin tono kowane rani, ya zauna da dagaci da maƙera, ya ji tarihin baka da yarensu, ya ɗauki tsingaro a hannu ya kai wa tsohuwa maginiya ta faɗa masa yadda aka yi zanen bakinsa. Wannan ilimi ne babba.

Cikas ɗin yana ɗakin gwaji. Gawayin da ya tono sai an aika shi waje kafin a san shekarunsa, kuma da dala ake biya. Ga yajin aikin malaman jami'a. Na 2022 wata takwas ya ci.

A Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, inda Peter Breunig ya jagoranci binciken Nok da aka fara a 2005, kayan aiki suna nan, da masana tsirrai da suka gano ƙwayoyin gero a kufan Nok. Samun tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, kuwa gasa ce mai zafi, kuma zuwa filin tono sai lokaci-lokaci, da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Ni dai, wanda tambayarsa ta rataya a kan shekarun abu, ya nemi Frankfurt. Mai bin sawun garuruwan Hausa ya zauna Zariya, ya nemi malami na biyu a waje mai ɗakin gwaji.