Shagon da ya ceto mana kaset ɗin Argungu

Bayan rasuwar Baba muka tarar da kaset ɗin bidiyo a ƙasan akwatinsa, an rubuta "Argungu" da jan biro. Duk ya yi fumfuna. Wani ɗan shago a Birnin Kebbi, mai juye tsofaffin kaset zuwa filashi, shi na kai wa.

Yaron shagon ya duba ya ce, "Yaya, wannan sai an kwance an goge zaren da hannu, ki ba ni kwana uku." Sai da ya yi takwas, ban da zirga-zirgar da na sha don ba ya ɗaga waya. Amma aiki ya yi kyau. Hoto ya fito tas, sai ɗan layi-layi a farko. Inda ya gaza shi ne sauti: ana harba bindigar fara bikin kamun kifi, sai ka ga mutane sun riga sun faɗa kogin Matan Fada kafin ƙarar ta iso. Na nuna masa, ya ce daga kaset ne. Ban gamsu ba.

Fim ɗin irin na jawo 'yan yawon buɗe ido ne, da Turanci. Kyamara ta daɗe a rumfar manyan baƙi, Turawa da hulunan rana suna ta ɗaukar hoto, sannan ta juya kan dubban masunta da homa da gora suna rige-rigen shiga ruwa. An nuna giwan ruwa a kan sikeli, an tafa. Ko sau ɗaya ba a bai wa wanda ya kamo ta damar magana ba, kuma wannan ya ci min rai. Sarkin Ruwa ma wucewa kawai ya yi. Ba a faɗi cewa ana hana kamun kifi a wurin har sai lokacin biki ba, wanda shi ya sa kifin ke girma haka. Ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ta 1934, wadda ta rufe tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi, jimla guda aka yi mata.

A minti na 17 Inna ta ce a tsayar. Ga Baba a bakin ruwa, rungume da gorarsa, yana matse rigarsa. Sau huɗu muka mayar.

Zan kai wa yaron shagon kaset ɗin bikin aurensu, amma a gabana za mu gwada sautin kafin in biya.