Wata bakwai ina shan midodirin a Legas, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda na ce wa ina shan maganin ɗaga jini sai ya sake tambayata wai ko na sauke jini nake nufi, don mu hawan jini muka sani, kusan kowane gida akwai mai shan maganinsa, amma wanda jininsa ke faɗuwa da zarar ya miƙe tsaye ba a cika jin labarinsa ba. To ni ce ɗaya daga cikinsu. A Agege nake, ɗinki nake yi, 'ya'yana uku, kuma yau wata bakwai kenan ina kan wannan magani shi ya sa na ce bari in faɗi daɗinsa da wahalarsa.

Abin ya fara ne da jiri in na tashi daga kan keken ɗinki, sai in ga duhu ya rufe min ido, kunnena ya toshe, ƙeyata da kafaɗuna su riƙe kamar na ɗauko buhun shinkafa. Ranar da ya fi tsorata ni a layin shiga bas ɗin BRT ne a Oshodi, rana ta take ga mutane, ban fi minti goma a tsaye ba sai farkawa na yi na ga wata baiwar Allah Bayarabiya tana min fifita da mayafina. Allah ya saka mata, har yau ban san sunanta ba. Daga nan aka shiga yawon asibiti, wannan ya ce maleriya, wancan ya ce taifod, wani ya ce ƙarancin jini ne in sha malt da madara, Hajiya surukata kuma ta haɗo min rubutu da hayaƙi daga gida saboda ita a ganinta iska ce, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta yi. Duk inda na je a zaune ake auna ni, a zaune kuwa jinina lafiya lau yake, sai a ce ai Hajiya ba ki da komai ki rage tunani.

Wani likitan zuciya ne ya sa na kwanta minti biyar ya auna, 118 bisa 76, sannan ya ce miƙe, ya sake aunawa ina tsaye ina riƙe da bango, 84 bisa 55. Ya ce min ƙa'idar ita ce in lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa ta faɗi da 10 cikin minti uku da miƙewa to akwai matsala. Ya ce akwai jijiyoyin da ke aiki ba tare da saninka ba, su ke kula da bugun zuciya da gumi da narkar da abinci, su ne kuma ke matse hanyoyin jini in ka tashi don kar jini ya zube ƙafafu ya bar ƙwaƙwalwa, to nawa ne suka yi sanyi. Sunan abin disotonomiya. Ciwon suga da ya daɗe yana kawo shi, ciwon Fakinsin mai sa karkarwar jiki ma haka, wasu kuma bayan wata doguwar jinya yake kama su. Akwai kuma wani kala da ake ce wa POTS wanda shi bugun zuciya ne ke ƙaruwa da bugu 30 ko fiye a kowane minti, cikin minti goma da miƙewa, 'yan mata da mata matasa ya fi kamawa. Na yi kuka ranar, ba don tsoro ba, don dai a ƙarshe an samu wanda ya yarda ba raki nake yi ba.

An fara ba ni fuludurokotizon, ƙaramar ƙwaya mai miligiram 0.1, shi aikinsa riƙe gishiri da ruwa a jiki. Wasu yana musu aiki sosai amma ni ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ga ciwon kai, kuma dole a riƙa gwajin jini don yana zubar da sinadarin fotasiyam. Sai likita ya canza min zuwa midodirin, a jikin kwali za ku ga an rubuta Midodrine, wani kuma Gutron. Tun 1996 aka amince da shi a Amurka, ba sabon abu ba ne, mu ne dai bai iso mana sosai ba.

Toh ga yadda yake. Da miligiram 2.5 na fara aka kai ni 5, sau uku a rana. In na sha, kafin awa ɗaya ta cika sai in ji kaina ya washe kamar an ɗauke hazo, in tashi in yi shara in ɗora girki in tsaya in yanka yadi a kan tebur ba tare da neman kujera ba. Wanda bai taɓa rasa tsayuwa ba ba zai gane girman wannan ba. Abin da ya fi min komai shi ne salla, don kafin nan tasowa daga sujada zuwa tsayuwa ta zame min abin fargaba, na koma salla a zaune, na san addini ya yarda, hadisin Imrana ɗan Husaini yana nan cewa in ba ka iya a tsaye ba ka yi a zaune, amma zuciyata tana kewar tsayuwar. Ranar da na yi azahar raka'a huɗu cif a tsaye ban jingina da komai ba, na daɗe a kan dadduma ban tashi ba.

Amma fa maganin ɗan awoyi ne, awa uku zuwa huɗu ya sake ki, kuma za ki ji lokacin da yake sakin, jirin ya fara leƙowa. Don haka rayuwata yanzu da agogo take tafiya, ƙwaya ɗaya da asuba tun kafin in sauko daga gado, ɗaya wajen sha ɗaya, ta ƙarshe da la'asar. In zan shiga gari sai na lissafa goslo a ciki, kun san Legas, tafiyar da kika yi wa lissafin awa ɗaya sai ta cinye uku, shi ya sa kullum akwai ƙwaya da ruwa a jakata.

Sai ƙaiƙayin kai. Wannan kam ba wanda ya shirya ni da kyau, fatar kaina ta riƙa yam-yam kamar tururuwa na yawo a cikin kitso, tsikar jikina na tashi ko da zafin rana ne, satin farko har tsefe kaina na yi ina dubawa. Ashe aikin maganin ne, yanzu ya ragu kuma na saba. Wani lokacin fitsari yakan matse ni amma ya ƙi fita da sauri, na faɗa wa likita ya ce in ya ƙaru in dawo, maza masu matsalar mafitsara su kam sai sun yi hattara sosai.

Babban abin da nake so kowa ya ji shi ne ba a kwanciya bayan an sha shi. Yadda yake ɗaga jini a tsaye haka yake ɗaga shi a kwance, har ya wuce misali. Wata rana na gaji na ɗan kishingiɗa bayan azahar barci ya kwashe ni, na farka kaina na sarawa kamar ana buga ganga, na ɗauko injin awo na gani 165 bisa 100, ni da nake fama da 80 da wani abu. Tun daga ranar na haƙura da barcin rana, in na gaji a kujera nake hutawa. Ƙwayar ƙarshe kuma dole ta kasance aƙalla awa huɗu kafin barcin dare, maigida ya sa bulo ya ɗaga min gadon ta wajen kai. Shi ya sa nake roƙon ku don Allah kar wani ya karanta wannan ya je kemis ya saya don yana jin jiri, jiri kala-kala ne, mai hawan jini ma yana jin jiri, in irinsa ya sha wannan zai iya jawo wa kansa shanyewar ɓarin jiki. A auna ku a kwance da a tsaye tukuna, kuma in an ba ku to ku sayi injin awo na gida, nawa kullum yana kusa da keken ɗinki.

Samunsa a Legas shi ne wahala ta biyu. Kemis ɗin unguwa ba su ma san sunansa ba, na zaga manyan famasi da yawa kafin na samu wani a Ikeja da ke min oda, sai na sanar da su tun saura sati biyu nawa ya ƙare, kuɗin kuma yana bin dala, duk sayen da zan yi sai na ji a jikina. Sau ɗaya ya yanke min kwana biyar, na koma 'yar gidan jiya, ko ɗinkin mutane ban iya ƙarasawa ba. Na ji akwai wani magani mai suna Northera da aka amince da shi a Amurka a 2014, ni dai ban taɓa ganinsa a nan ba.

Kuma maganin shi kaɗai ba ya isa. Ledar fiya wata ɗaya, rabin lita kenan, in na shanye ta a tashi ɗaya kafin in fita tana taimaka min cikin 'yan mintuna. Likita ya ce in ƙara gishiri a abinci, ni ya ce wa fa, ba kowa ba. Safar nan mai matse ƙafa har ƙugu tana aiki amma a zafin Legas da gumi azaba ce, sai na koma ɗaure ciki irin na masu jego, shi ya fi min sauƙi. Na daina cika ciki da tuwo ko teba da rana saboda abinci mai nauyi yana sauke jini, na daina wanka da ruwa mai zafi, zoɓo ma da nake so kamar me na rage shi don shi ma sauke jini yake yi. Maganar azumi kuwa da likita da malam duka na zauna da su, kowa ya tambayi nasa.

In maki zan ba shi zan ce huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda tsada da wahalar samu da gajeren aikinsa. Satin da ya wuce na shiga kasuwar Balogun sayen leshi na bikin ƙanwata, na tsaya na yi ciniki shago uku da ƙafafuna, na hau mota na dawo Agege kafin lokacin ƙwayar la'asar. Don Allah in akwai wadda ta san inda ake samunsa ba yankewa ta ɓangaren Agege ko Ogba ta sanar da ni, nawa saura na kwana goma sha biyu.