Garin darbejiya da koren ƙuda: abin da ya sami ragona

Na sayi garin 'ya'yan darbejiya ne saboda koren ƙudan da ya addabi garkena da shigowar damina, kuma saboda ba na son in ci gaba da fesa magani mai guba a wurin da tumaki suke kwana. Mai sayarwa ya tabbatar mini cewa da zarar na barbaɗa shi, ƙuda ba zai ƙara sauka ba.

A lokacin akwai wani ragona da waya ta yanka a cinya. Na wanke ciwon, na barbaɗa garin a kai da kewayensa, na sake shi cikin 'yan uwansa hankalina kwance. Bayan kwana uku na ga ya ware kansa, ya ƙi kiwo, yana ta kai baki wurin, da na buɗe gashin kuwa sai na tarar tsutsotsi sun cika ciwon har sun fara nutsewa cikin nama. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin dabbar ta sha wahalar da ba ta kamace ta ba saboda na gaskata abin da aka faɗa mini. Sai da likitan dabbobi ya zo ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke wurin, ya sa magani.

Shi ne ya bayyana mini cewa sinadarin azadiraktin da ke cikin darbejiya ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana rage wa ƙuda sha'awar sauka, yana hana tsutsa saɓa balle ta girma, amma hasken rana yana lalata shi cikin 'yan kwanaki. Macen koren ƙuda kuwa tana zuba ƙwai fiye da 100 a lokaci guda, kuma idan ana zafi suna ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya.

Gaskiya garin yana da nasa amfani. Tun da na koma barbaɗa shi da yamma a kan tarin taki da lungunan da ke riƙe danshi, ina maimaitawa duk bayan kwana biyu, ƙudan ya ragu sosai. Amma har yanzu idan na dubi ledar da garin ya zo a ciki, raina yana sosuwa, domin babu inda aka rubuta cewa a riƙa maimaitawa bayan rana ko ruwan sama, balle gargaɗin cewa kada a dogara da shi kan buɗaɗɗen ciwo. Ragon ya warke, sai dai ya rame, kuma har yau gashi bai tsiro a kan tabon ba.