Kwas ɗin zane a tsibiri: malama ta iya, tsarin ne da gyara

Kwas ne na 'yan kwanaki, irin wanda ake kwana a wurin. Jirgin fito ne ke kai ku tsibirin, a sauke ku a wani tsohon gidan gona da aka gyara, sitonsa kuma aka mayar da shi ɗakin zane. Da safe a fita da allo da fenti a zana abin da ido ya gani, tudu, gaɓar teku, katangar duwatsu, tumaki idan sun yarda sun tsaya. Da yamma a dawo a baje aikin kowa a duba. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma a ganina ya biya, sai dai ba ga kowa ba.

Rabin koyarwar tsibirin ne ke yin ta. Babu inda za ka je, intanet sai ka hau tudu, don haka wuri ɗaya kake kallo safe da yamma har ka fara lura cewa ba ya zama yadda ka bar shi. Teku na cikowa ya janye, kusan awa shida tsakanin cikarsa da janyewarsa, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Dutsen da ka zana jiya da hantsi yana zaune a kan yashi, yau da hantsi ruwa ya kai masa wuya. Malamar takan kawo misalin mai zanen Faransa Claude Monet, wanda a 1886 ya tare a tsibirin Belle-Île na Faransa ya yi ta zana duwatsun gaɓarsa har zane kusan 40, yana komawa wuri guda a yanayi dabam-dabam. Da na ji labarin a ɗaki, labari ne kawai. Sai da na ga inuwar tudu ta gudu ta bar ni da rabin zane na gane abin da ya riƙe mutumin a can.

Malamar ba ta da yawan magana, amma ta san aikinta. Ba ta yarda a taɓa burushi sai an yi ɗan ƙaramin zane da fensir, wanda bai wuce tafin hannu ba, an raba wurin kashi uku: mai haske, matsakaici, mai duhu. Idan ta zo ta bayanka ta tarar kana ƙirga ganyen bishiya, sai ta ce, “Malam, ƙanƙance idonka. Ina duhun yake?” Da ka ƙanƙance ido sai ƙananan abubuwa su ɓace, manyan siffofi su fito. Wannan darasin kaɗai ya gyara min zane fiye da duk bidiyon da na kalla a YouTube, domin a bidiyo babu mai tsayawa a kanka ya ga inda kake ruɗin kanka. Tana kuma yanke lokaci: bayan awa biyu rana ta matsa, inuwa ta sauya, to a ajiye wannan a ɗauki sabuwar takarda. Masu son gyare-gyare sun sha wahala da dokar, amma gaskiyarta ce.

Inda na fi ƙaruwa shi ne kore. Tsibirin kore ne ko'ina, kuma sabon mai zane yakan matso koren kanti ya shafe takarda da shi, zane ya fito kamar sabon fentin ƙofa. Ita kuwa launi kaɗan ta bar mana a faranti: shuɗi iri biyu, rawaya iri biyu, ja ɗaya, da wani ruwan ƙasa mai ɗan ja. Daga nan za ka haɗa korenka, ka kashe kaifinsa da ɗigon ja. Sannan ta nuna mana yadda nisa ke cin launi. Iskar da ke tsakaninka da tudu mai nisa ɗauke take da danshi da ƙura, shi ya sa tudun can ke komawa shuɗi-shuɗi, ya yi fari-fari, gefensa ya yi laushi, na kusa kuma ya fi duhu da ɗumi. Ka bi wannan kawai, takarda shimfiɗaɗɗiya sai ta yi zurfi.

Kayan aikin da masu shirya kwas ɗin suka tanada masu kyau ne. Takardar auduga ce mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, wadda ke shan ruwa ba ta tattare ba. Fentin ruwa ƙaro ne ke riƙe garin launinsa, kuma a iskar bakin teku mai laima yakan daɗe bai bushe ba, don haka duk mai gaggawar ɗora launi a kan launi zai tashi da laka. Iska kuma ba ta da kunya, sai an danne takarda da maƙalai a kowace kusurwa. Masu fentin mai sun fi mu kwanciyar hankali a nan. (Wani abin da na ji a wurin ya ba ni sha'awa: kafin Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun fentin da ake matsawa a 1841, a mafitsarar dabba ake ƙulle fentin mai. Wannan ɗan bututun na cikin abin da ya sauƙaƙa wa masu zane fita fili.)

An ware yini guda don sararin sama kaɗai, bisa hanyar mai zane John Constable na Ingila, wanda a 1821 da 1822 ya yi ta zana gajimare a Hampstead, kusa da Landan, yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ke kaɗawa a bayan takardar. Mu ma haka aka sa mu yi. Ya yi daɗi, ko da yake yini ɗaya bai isa komai ba.

Yanzu ga inda suka gaza. Sun tallata cewa kowa na iya zuwa, kuma kowa ya zo: wanda ya shekara ashirin yana zane da wadda ba ta taɓa jiƙa burushi ba, malama kuma ɗaya. A fili mutane sukan watsu, wani a gaɓa, wani a kan tudu, kafin ta zagayo kanka haske ya tafi. Ƙwararru ba su damu ba, sababbi ne suka zauna suna kallon farar takarda. Da an ba su awa ɗaya da safe kan riƙe burushi da auna ruwa, da an rage musu wannan zaman. Zaman duba aiki na yamma kuma ya cika lallashi. Kowane zane “ya yi kyau”, alhali ita malamar a fili ba ta ɓoye maka gaskiya. Ina jin tana gudun kunyata mutum a gaban jama'a ne, amma wanda ya ƙetare teku don ya koya, gyara yake nema.

Ranar da ruwan sama ya hana fita ba su da wani shiri na kirki. An raba mana hotuna mu kwafa, abin da kowa zai iya yi a gidansa, kuma fitilun siton masu rawaya ne, launin da ka haɗa da dare da safe sai ka ga wani abu dabam. Ɗakunan kwana suna da tsabta da shiru, ba ni da ƙorafi a kansu.

Mai niyyar zuwa ya tambaya tun kafin ya biya: mutum nawa ne a aji, kuma me ake yi idan an yi ruwa. Idan sabo ne fil, ya fara yin wata biyu ko uku yana wasa da fentin a gida har hannunsa ya saba. Ya kuma tafi da rigar ruwa, da hula mai igiya, da takarda ninkin abin da suka rubuta a jerin kaya, domin tasu takan ƙare tun kafin kwas ya kai ƙarshe.