Tatsuniyar Rasha da na saya sidi 25 a Kejetia

Zare da zif na shiga nema a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙasar Gana, ba littafi ba. Ina fitowa ta wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, sai idona ya faɗa kan wani bango: yarinya a cikin daji, riƙe da sanda, a kan sandar ƙoƙon kan mutum ne, haske yana fita ta idanunsa. Mai kayan ya ce sidi 40. Na nuna masa inda ɗinkin ya sake, muka rabu a 25.

Littafin da Turanci yake, bugun Mosko tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Takardar ta yi ja, tana warin tsohon akwati, amma kalar hotunan ba ta dushe ba. Zanen wani ne Ivan Bilibin, ya yi su wajen shekarar 1900, kowane hoto da adonsa a gefe kamar aikin wuyan babbar riga. Ni da nake sana'ar ɗinki, wannan kaɗai ya biya ni kuɗina. Tatsuniyar ita ce ta Vasilisa kyakkyawa, tana cikin waɗanda Aleksanda Afanasyev ya tattara ya buga tsakanin 1855 da 1863. Turancin na tsofaffi ne, don haka ina karantawa ina juya wa yara da Hausa.

Daren da muka fara, an ɗauke wuta a Aboabo, da fitilar waya na karanta. Na ce "ga ta nan, ga ta nanku", yaran biyu suka amsa, ashe ita ma tatsuniyar a kan rashin wuta take. Vasilisa tana da shekara takwas uwarta ta rasu, ta bar mata 'yar tsana, ta ce in abu ya dame ta, ta ba tsanar abinci ta faɗa mata damuwarta. Uban ɗan kasuwa ne, ya sake aure, matar ta zo da 'ya'yanta mata biyu. Ya yi tafiya, su kuma da gangan suka kashe kyandir ɗaya da ya rage a gidan, suka tura marainiya daji ta ɗebo wuta wurin mayya.

Sunan mayyar Baba Yaga. Autata ta dage namiji ne, tunda an ce Baba, sai da na nuna mata hoton. A nan tatsuniyar ta fi daɗi. Tsohuwar ba ta hawa doki: turmi take shiga, tana kora shi da taɓarya, tana share sawunta da tsintsiya. Tun daga ranar, duk lokacin da maƙwabciyarmu ta fito da turmin fufu, yaran nan sai sun kalli juna. Dangar gidanta da ƙasusuwan mutane aka yi, ƙoƙunan kai a sama, da dare idanunsu su kama da wuta. A hanya kuma mahaya uku suna wuce yarinyar: fari a kan farin doki sai gari ya waye, ja a kan jan doki sai rana ta fito, baƙi a kan baƙin doki sai dare ya yi. Na ji tatsuniyoyi da yawa a bakin kakata, ban taɓa jin an kwatanta wucewar yini da kyau haka ba.

Kuma mayyar ba dodo ba ce kawai. Tana ba da aiki mai wuya, kamar tsince ƙwaya ƙanana irin riɗi daga cikin ƙasa, amma ba ta cin wanda ya cika aiki. Da ta tambayi yarinyar yadda take gamawa, sai ta ce albarkar uwarta ce. Nan take tsohuwa ta kore ta, ba ta son mai albarka a gidanta, ta miƙa mata ƙoƙon kai mai wuta ta ce ga abin da aka aiko ki. Hajiya, uwar mijina, da ke kishingiɗe tana jan carbi, a nan kaɗai ta gyaɗa kai. Tun farko ta ce ita ba ta yarda da tsanar da ake ba abinci tana magana ba, wannan ai tsafi ne.

Ni abin da ya dame ni da tsanar daban ne. Ita ke yin aikin. Ita ke shara, ita ke tsintar hatsi, Vasilisa girki kawai take yi, ta yi kuka ta kwanta. 'Yar bora tamu ta Hausa, da tsohuwa ta ce ta cuɗa mata baya, da hannunta ta cuɗa. Uban kuma fa? Ya bar marainiya a hannun mutane ya tafi fatauci, ya dawo a ƙarshe an ba shi masauki a fada, ko "ina ka shiga" ba wanda ya ce masa. Rabi na biyu, inda ta yi kaɗi da saƙa ta ɗinka wa sarki riguna goma sha biyu ya aure ta, kamar an jona wani yadi ne a jikin atamfa. Nan ne ta yi aiki da hannunta, amma labarin ya riga ya huce, ga shi kuma shafi biyu sun ɓace a nawa littafin.

Laifin da na yi shi ne ban karanta ni kaɗai tukuna ba. Babbar yarinyar 'yar mijina ce, uwarta ta rasu tana da shekara huɗu, a hannuna ta tashi. Ina cikin juyawa sai na ga abin da ke gaba: ƙoƙon kan ya zuba wa matar uba da 'ya'yanta ido, duk inda suka ɓuya yana bin su, kafin asuba sun ƙone ƙurmus. Na yi tari, na ce wai sun ji kunya sun nemi gafara, ƙurungus. Yarinyar tana aji shida, tana karanta Turanci fiye da ni. Ta leƙo ta kan kafaɗata ta ce, "Mma, ba haka aka rubuta ba." Na ce to karanta mana. Ta karanta tsaf har ƙarshe, ta rufe littafin ta ce, "Ke ai ko shagon kwanar nan ba kya bari in je da dare."

In za ku saya, ku ƙirga shafuka a gaban mai kayan, kuma ku karanta ƙarshen kafin ku tara yara. Nawa na ɗinke bayansa da zaren lilo, yana cikin aljihun keken ɗinki, don Hajiya ta ce ƙoƙon kan nan ba zai kwana mata a ɗaki ba.