Termux: Gajerun Umarnin Unix a Cikin Wayar Hannu

Termux manhaja ce ta kyauta da ake sakawa a wayar Android, wadda ke buɗe wa mai wayar baƙin allo irin na Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta, inda babu hoton da za a taɓa, sai dai a rubuta umarni a jira amsa. Ba ta buƙatar a karya tsaron wayar kafin ta yi aiki, kuma da umarnin pkg install ana iya sauko da kayan aikin masu rubuta manhaja irin su Python ko Git cikin sauƙi. Masu kula da ita sun fi ba da shawarar a ɗauko ta daga rumbun manhajoji na F-Droid ko shafin GitHub.

Abin da ya fi razana sabon shiga shi ne sunayen umarnin, domin ls ne ke nuna abin da ke cikin babban fayil, cp ya kwafa, mv ya matsar, rm kuma ya goge, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya yi kama da kalmar da mutum ya sani. Wannan taƙaita kalmomin Turanci (list, copy, move, remove) gado ne daga Unix, tsarin sarrafa kwamfuta da Linux ya kwaikwaya, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a Bell Labs da ke Amurka a 1969. A wancan zamani ana magana da kwamfuta ne ta na'urori irin su Teletype Model 33, wadda ke buga amsa a kan takarda, haruffa goma kacal a daƙiƙa, ga maɓallanta da tauri, saboda haka duk harafin da aka rage sauƙi ne ga yatsu, kuma tattalin lokaci ne da takarda. Wasu sunayen ma ba taƙaitawa ba ce ta kai tsaye: grep, mai binciko kalma a cikin fayil, ya fito ne daga umarnin g/re/p na tsohuwar manhajar rubutu ed, awk kuwa, mai sarrafa rubutu, haruffan farko ne na sunayen Aho da Weinberger da Kernighan, waɗanda suka ƙirƙira shi a 1977.

A nan ne Termux ta burge ni, domin matsalar da ta haifi gajerun sunayen ta sake dawowa a waya. Wanda yake rubutu da manyan yatsu biyu a ƙaramin allo zai gode wa Allah da ls ne zai buga, ba takwaransa Get-ChildItem na PowerShell ba, wato allon umarnin da Microsoft ya fitar a 2006 da dogayen sunaye masu bayyana kansu. Manhajar ta kuma ƙara layin maɓallai a saman na wayar, ciki har da CTRL da TAB da kibiyoyi, kuma TAB ɗin yana ƙarasa sunan fayil da zarar an buga farkonsa.

Rauninta shi ne ba ta koyar da komai. Ko littafin bayanin umarni mai suna man sai an sauko da shi daban, sannan rm ba ya tambaya kafin ya goge, kuma babu kwandon shara da za a koma a tsinto abin. Bayan an ba ta izinin shiga ma'ajiyar waya da termux-setup-storage, kuskuren yatsa ɗaya yana iya tafiya da hotunan mutum. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta zai amfana da ita sosai, amma ya kamata tun ranar farko ya saita rm -i, domin a riƙa neman amincewarsa kafin a goge kowane fayil.